Injin da Ya Shuri Baba Lebura

Ina cikin shekarata ta huɗu da fara koyar da darasin noma a wata makarantar sakandare da ke ƙasar Bukkuyum aka kawo mana injin yankan ciyawa. Wani tsohon ɗalibi ne da Allah ya buɗa wa ya aiko da shi. Ja ne, mai taya huɗu, irin wanda ake turawa, ana tayar da shi da igiya kamar janareto. Ranar da aka sauke shi malamai suka kewaye shi, kowa na kai hannu yana shafawa. Shugaban makaranta ya dube ni ya ce tunda ni ne malamin noma, injin yana hannuna. Ni kuwa dama ba sai an roƙe ni nake zama gwani ba. Na taɓa kwance kafiretar babur ɗina a garinmu Anka, na mayar da ita, babur ya tashi, tun daga ranar nake ɗaukar kaina rabin makanike.

Kafin zuwan injin, filin makarantar a hannun Baba yake. Lebura ne, kuma sunansa ba ya cikin takardar gwamnati, makaranta ce ke ɗaukarsa da kanta, ranar da ta ga dama ta ce ya huta. Dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, ya ba sittin baya, kowa Baba yake ce masa har da shugaban. Da lauje yake yankan ciyawa, ya ɗaure dami-dami, ya kai wa awakinsa, sauran ya ba maƙwabta. Mutanen unguwa ma sukan kawo tumakinsu da damina, su kafa turke a gefen fili su ɗaure. Haka ake yi tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu, don a wurinmu ciyawa abincin dabba ce, ba wanda ke kallonta a matsayin shara.

Injin na zuwa na miƙe a taron malamai na yi jawabi mai tsawo. Na ce wuƙar injin ba ta shiri da dutse ko ƙarfe, saboda haka daga yau an hana ɗaure dabba a filin makaranta, a kuma tuge duk wani turke. Na sa Baba ya bi filin kusurwa-kusurwa yana tugewa. Wata rana na ci karo da guda na icce da ya tsallake, na daka masa tsawa a gaban ɗalibai, ya ce in yi haƙuri. Ni na koya masa tayar da injin: a danne ƙarfen hannu da hagu, a ja igiya da dama. Cikin mako biyu ya fi ni iyawa, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Abu ɗaya na lura yana yi, yakan naɗa igiyar a hannunsa sau biyu kafin ya ja, yadda ya saba yi da igiyar guga a bakin rijiya. Na gani, ban ga wani aibu a ciki ba, ban ce masa komai ba.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo ƙarshen damina, ana cikin hutu. Na sayi ragon layya da wuri na ɗaure a gidana da ke rukunin gidajen malamai, cikin makarantar. Rago ya ishe mu da kuka, ga ciyawa shar a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ta kai gwiwa, ba mai taɓa ta. Na ce a raina ai dokar tawa ce, kuma kwana nawa ne. Na samo guntun rodi da magina suka bari, na kafa shi da guduma har sai da ya rage kamar tsawon tafin hannu a waje, na ɗaure ragona. Sallah ta zo aka yanka rago, aka ci nama, igiyar ma na kwance ta na kai gida. Rodin kuwa ya fita daga kaina gaba ɗaya, ciyawa ta rufe shi.

Da aka koma makaranta sai sanarwa ta zo cewa masu duba makarantu za su zo ranar Laraba. Shugaba ya ce yana son ya ga filin nan kamar an yi masa aski. Ranar Asabar Baba ya tafi ta'aziyya ƙauyensu, ni kuma da safe na ɗauki makullin sito na fito da injin. Gaskiya ina jin daɗin tura shi, musamman in akwai mai kallo. Ranar ba kowa. Na yanke gaban ofis, na yanke rabin filin ƙwallo, na zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje ina 'yar waƙata.

Ƙarar da na ji ba ta fita daga kunnena ba har yau. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, injin ya yi tsalle, ya mutu nan take, hannuwana suka yi tsami har kafaɗa. Na ja shi baya na buɗa ciyawa, ga rodina ya sunkuya, kansa na ƙyalli inda wuƙa ta sare shi. Na kishingiɗa injin na leƙa, bakin wuƙar ya yi giɓi kamar an ciji ƙosai. Na duba gabas na duba yamma. Na girgiza rodin har ya fito, na je na jefa shi cikin tsohuwar masai da aka daina shiga. Na goge injin tas da tsumma na mayar sito na kulle. Ban gwada tayar da shi ba, don ba na son in san abin da na yi masa.

Ranar Litinin da safe Baba ya turo injin gaban ofis don ya ƙarasa aikin. Ina tsaye a baranda da rajista a hannu, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Ya yi bisimilla, ya danne ƙarfen hannu, ya ja igiya. Injin ya yi tari ya fizge igiyar baya. Baba ya dube shi da mamaki. A nan ne ya kamata in buɗe baki, kuma wallahi maganar ta zo har maƙogwarona. Sai na sunkuya ina duba rajista kamar akwai abin da ya ɓace a ciki. Ya ƙara naɗa igiyar a hannu, ya gyara tsayuwa, ya ja da iya ƙarfinsa. Injin ya shure shi. Igiyar ta koma da hannunsa gaba ɗaya ta maka shi a jikin murfin, ya durƙusa yana salati, yana riƙe da wuyan hannunsa na dama. Kafin a kawo babur a ɗauke shi wurin ya kumbura. Maɗori ya ce ƙashi ya tsage.

Maimakon in bi su, sai na aika aka ɗauko mini akwatin sifanu. Malamai suka taru, ni kuma na tsuguna na fara aikin gwaninta. Na kwance fulogi na kankare shi, na hura, na mayar. Na ja igiyar a hankali da yatsu biyu, a shirye nake in saki, ta fizge ta daki murfi. Na ce fetur ɗin ne, 'yan bumburutu sun haɗa mana da kananzir. Aka juye tanki aka sayo sabo. Bai canza ba. Na kwance kafireta na wanke da fetur, na baje ƙananan kusoshinta a kan jarida ina yi wa mutane bayani. Na duba baƙin mai, na buɗe matatar iska na kaɗe. Duk inda hannu ke kaiwa a saman injin nan sai da na taɓa, ƙarƙashinsa kawai na bari.

Malamar Turanci, wata 'yar Filato mai natsuwa da ta daɗe a makarantar, tana tsaye tana kallo. Ta ce, "Malam, ba za ka duba ta ƙasa ba? Ko wani abu ya riƙe wuƙar."

Na ɗago a fusace na ce, "Malama, in kin iya gyaran inji ga sifana nan. In ba ki iya ba ki bar ni in yi aikina."

Ta juya ta koma aji. Ba ta yi mini laifin komai ba, ta dai faɗi abin da nake tsoro ne, shi ya sa na yi mata rashin kunya a gaban mutane.

Da azahar ta yi, inji bai tashi ba, shugaba ya kira ni ofis ya tambaye ni mene ne matsalar. Da na ce ban gano ba, da an wuce wurin. Amma ni ban iya cewa ban sani ba. Na ce masa wannan naɗa igiya da Baba ke yi ne, yana fizgar injin da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, har ya gurɓata masa lokacin ba da wuta. Na ce na sha yi masa magana. Ban taɓa yi masa ba ko sau ɗaya. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita sumul, kamar na daɗe ina shirya ta.

Ranar Laraba baƙi suka zo suka tarar da fili rabi a aske rabi a tsaye, ɗaya daga cikinsu ya yi barkwanci a kai, shugaba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Suna tafiya ya ce Baba ya tsufa, ƙarshen wata zai huta, a nemo mai jini a jika. Ina zaune a wurin aka yanke maganar.

Bayan kwana biyu Baba ya zo makaranta, hannunsa ɗaure da karare da tsumma, rataye a wuya. Na zaci ƙorafi ya kawo. Ya same ni a ƙofar sito ya rage tsawo ya gaishe ni.

"Malam, zuwa niy yi in ba ka haƙuri. An ce man ni na ɓata injin ga. Wallahi ban yi da gangan ba. Kai ka koya man, ni kau nib ba ka kunya."

Na ce, "Ba komai, Baba. Yaya hannun?"

"Da sauƙi. Tsuhwa na, Malam. Hannun da yas saba da lauje, an ba shi kayan Turawa."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Abin da na iya ce masa ke nan. Ya juya ya tafi yana takawa a hankali don kada hannun ya motsa, ni kuma na shiga sito na tsaya ina kallon bango har ya yi nisa. Na ji kunya ranar, amma kunyar ba ta kai ta sa ni bin sa ba.

Injin ya yi mako biyu a sito kafin shugaba ya ce in kai shi Gummi. Na ce ba sai an haɗa ni da kowa ba. Aka ɗora shi a bayan motar haya bisa buhunan wake, na zauna a gaba ina ta tsara abin da zan faɗa. Makaniken da aka kwatanta mini mutumin kudu ne, ya yi shekaru masu yawa a Gummi yana gyaran janareto da injinan ban ruwa na 'yan fadama, Hausar garin ta zauna a bakinsa har ba ka rarrabe shi da ɗan gari sai ka ga fuskarsa. Na fara yi masa dogon bayani a kan fulogi da kafireta. Bai ko dube ni ba. Ya ja igiyar sau ɗaya a hankali, ya ji yadda ta ƙwace, ya zare wayar fulogi, ya kishingiɗa injin. Ya sa babban yatsa a giɓin wuƙar ya ce, "Uhm."

Ya kwance murfin sama. A ƙarƙashinsa akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da suke kira fulawil, shi igiya ke juyawa. Ya kwance babban notin da ke riƙe da shi, ya ɗan bubbuga, ya ɗaga faifan. Ya tsinto wasu ƙananan gutsattsari biyu farare ya zuba mini a tafin hannu. Duka biyun in an haɗa ba su fi ƙwayar wake ba.

"Ka ga ciwon nan," in ji shi. "Ki muka ce mashi. Shi ka riƙe faifan ga daidai da sandar inji. Da gangan anka yi shi da taushi, don in wuƙa ta bugi abu mai ƙarfi shi karye, inji shi tsira. To in ya karye faifan ya goce, wuta na zuwa tun lokacinta bai yi ba, sai ta tura inji baya. Shi na shurin da ka ji."

Na ce, "Naɗa igiya ga hannu fa? Ba ya kawo haka?"

Ya yi dariya. "Igiya mi tas sani? Ko da haƙori kaj ja ta, ba ta karya ki. Injin ga ƙarhe yab buga yana cikin gudu. Kuma tun daga lokacin, ko wa yaj ja shi sai ya shure shi. Wa ka tura shi sadda abin yaf faru?"

Na ce leburanmu ne. Har a nan, a garin da ba wanda ya san ni, gaban mutumin da ba ruwansa da makarantarmu, sai da na sake ɗora masa. Na ƙara da cewa har ya ji ciwo a hannu wajen tayarwa.

Makaniken ya ajiye sifana ya dube ni a karo na farko. "A'a, Malam. Mutumin da yaj ji wagga ƙara da kunne nai ba ya dawowa shi naɗa igiya ga hannu shi ja da ƙarhi. Wanda hannu nai yak karye bai san injin ga ya bugi ƙarhe ba."

Ya koma kan aikinsa. Ya juya sandar injin da hannu yana kallo, ya ce na yi sa'a ba ta lanƙwashe ba. Ya sa sabon ki, ya ɗaure noti, ya wasa wuƙar ya daidaita ta. Ja ɗaya injin ya tashi, lafiya lau, ko tari bai yi ba. Gaba ɗaya aikin bai kai tsakanin la'asar da shan shayi ba.

Na dawo da inji aka yi ta yi mini sannu da ƙoƙari. Sai da na ƙara kwana uku ina kai gwauro ina kai mari a gaban ofishin shugaba kafin na shiga. Na rufe ƙofa na faɗa masa komai, rago da rodi da masai, da ƙaryar da na yi a kan igiya. Na shirya wa takardar gargaɗi, na shirya wa a tara malamai a tozarta ni, har canjin wurin aiki na shirya wa.

Shugaba ya kwashe da dariya har yana buga tebur. "Kai Malam! Kai da ka kafa doka? Ai da ka hwaɗi tun ranar, mi za a yi maka? Inji na, ana gyara shi."

Na ce, "To Baba fa, ranka shi daɗe?"

Dariyar ta ragu. Ya ce ai wata ya riga ya ƙare, ya ba wani aikin, har ya fara, kuma da bakin manyan unguwa aka kawo shi, ba ya iya cewa ya koma. Ya ce ko ba wannan ba, lebura da hannu ɗaya wane aiki zai yi. Ya ce in bar maganar nan tsakaninmu, ba daɗi a ji malami da irin wannan. Ya ɗauko wata takarda ya fara dubawa, alamar an gama. Na fito ko ƙwarzane ba a yi mini ba. Abin da na ɓoye kusan wata guda ina gumi a kansa, ashe dariya ce kawai kuɗinsa. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk hukuncin da na zata.

Washegari bayan la'asar na tafi gidan Baba, can ƙarshen unguwa wajen gonakin gero. Na yi sallama a ƙofar zaure, ya fito. An kwance kararen, amma hannun ya ɗan karkace daga wuya, yatsun a dunƙule, yana tallafe da shi a ƙirji. Ya yi murna da ganina har abin ya ba ni haushin kaina. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambaya ko injin ya tashi.

Na ce ya tashi. Sannan na faɗa masa, ina kallon tabarma. Ban rage komai ba, har da cewa ina tsaye a baranda ina kallonsa lokacin da ya ja na biyu, kuma na san abin da ke cikin injin.

Ya gyara hannun a ƙirjinsa. Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Ashe ba ni na ba," in ji shi a hankali. "Kullum in na yi salla sai na roƙi Allah gahwara bisa kayan jama'a da nil lalata. Ɗiyana ma sun ce man in bar rigima da abin da ban iya ba." Ya ɗago ya dube ni. "Malam, da ka ce man in dakata."

Na ce, "Da na ce, Baba."

Na gaya masa na yi wa shugaba magana, aikin ba zai dawo ba. Ya ce ya sani, ya ga sabon leburan yana wucewa da safe. Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kuma ban san ko hakan yana nufin ya yafe ba, ban kuma da bakin tambaya. Na roƙe shi ya bar ni in faɗa wa 'ya'yansa da bakina cewa ba shi ya ɓata injin ba. Nan ne kawai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce babban ɗansa yana dawowa daga kasuwa ranar Juma'a, in zo.

Na miƙe zan tafi, ya raka ni har bakin hanya duk da na ce ya zauna. Da muka tsaya, ba tare da na yi tunani ba na miƙa masa hannu kamar yadda aka saba. Ya motsa na daman, bai ɗagu ba. Sai ya miƙo ɗayan, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ka yi haƙuri, Malam," ya ce. "Hagu ta nib ba ka."